Yaro ya yi laifi: tsarin wace ƙasa ya fi?

Tambaya: "Gardama ta kaure a majalisarmu kan yaran da ke ƙwacen waya. Wasu sun ce a Turai ba a taɓa yaro ko me ya aikata, wasu sun ce a Amurka ɗaurin rai da rai ake yi masa, kuma haka ya kamata mu yi. Don Allah yaya ƙasashe suke yi da yara masu laifi, kuma tsarin wa ya fi?"

Malam, duka ɓangarorin biyu sun ji labari amma bai iso musu cikakke ba. A Ingila, wadda ita ma a Turai take, ana gurfanar da ɗan shekara 10 a kotu. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta daɗe da ɗaure hannun alƙalai a kan irin hukuncin da za su yanke wa wanda bai kai 18 ba. A matsayina na lauya mai bin shari'un yara, abin da nake fara dubawa a tsarin kowace ƙasa shi ne kwanakin farko bayan kamu: wa ya fara zama da yaron, ina ya kwana, da su wa ya kwana, kuma akwai hanyar da za a kashe maganar ba tare da an kai shi kurkuku ba? A nan ƙasashe suka fi rabuwa, a nan kuma ake gyara yaro ko a ƙarasa lalata shi.

Mu fara da shekarun da doka take fara kama mutum da laifi, tunda kowa da su yake kafa hujja. Ingila 10, Sikotland 12, Afirka ta Kudu 12, Faransa da Nijar 13, Jamus da Japan 14, Norwe da Denmak da Finland 15. A arewacin Nijeriya sashe na 50 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka, ya ce wanda bai kai 7 ba ba shi da laifi sam, daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuma sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya fahimci abin da ya aikata. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 kada ƙasa ta yi ƙasa da 14. Sai dai lambar ita kaɗai tana ruɗar mutum. Ɗan shekara 13 da ya soki wani a Jamus ba a sake shi ya tafi gida kamar ba a yi komai ba. Hukumar kula da yara da kotun iyali ne suke karɓar lamarinsa, har ma su raba shi da iyayensa idan gidan ne matsalar. Abin da ba a yi masa shi ne tuhuma irin ta manya da rubuta sunansa a rajistar masu laifi.

Labari biyu da suka faru kusan lokaci ɗaya sun fi kowane bayani nuna bambancin. A watan Fabrairun 1993, a wata cibiyar kasuwanci kusa da Liverpool, yara biyu 'yan shekara 10 suka ja hannun wani yaro ɗan shekara 2 mai suna James Bulger, suka tafi da shi suka kashe shi a gefen layin dogo. Ingila ta ɗauki zafi. Aka yi musu shari'a a kotun manya a garin Preston, a bainar jama'a, alƙali da lauyoyi cikin kayan aikinsu, har sai da aka ƙara wa akwatin da masu laifi ke zama tudu don yaran su iya hango alƙali. Bayan an same su da laifi alƙalin ya ba da izini a bayyana sunayensu da hotunansu. A 1999 Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce shari'ar ba ta yi adalci ba, domin yaran ba su iya bin abin da ake yi a kansu ba. Sun yi shekara 8 a tsare, aka sake su a 2001 da sababbin sunaye don kada a kashe su. Ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ɗayan kuma an mayar da shi kurkuku har sau biyu. Abin bai tsaya kansu ba: a 1998 Ingila ta soke tsohuwar ƙa'idar da ta ce sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar ɗan shekara 10 zuwa 13 ya san abin da ya yi mugun laifi ne.

A watan Oktoban 1994, a birnin Trondheim na Norwe, yara biyu 'yan shekara 6 suka yi sanadin mutuwar wata yarinya 'yar shekara 5 da suke wasa tare a cikin ƙanƙara. Jaridu ba su buga sunayensu ba. Ba a kai su kotu ba, ba da jimawa ba aka mayar da su makaranta, likitocin ƙwaƙwalwa da jami'an walwala na biye da su shekara da shekaru. Adalci ne a faɗi cewa ɗan shekara 6 ko a Ingila ba a gurfanar da shi. Amma ko da 'yan 14 ne, a Norwe hanyar ɗaya ce, domin ƙasar ta ɗauki irin wannan a matsayin masifar da ta faɗa wa gari gaba ɗaya, wadda hukumomin kula da yara ne za su amsa tambaya a kanta.

Sikotland, maƙwabciyar Ingila, tata hanya daban. Wani kwamiti ƙarƙashin alƙali Kilbrandon ya lura a 1964 cewa yaron da aka kamo da sata da yaron da aka tsinto cikin wulaƙanci a gida galibi yaro ɗaya ne, ranar da hukuma ta haɗu da shi ce ta bambanta. Saboda haka tun 1971 mafi yawan laifuffukan yara ba sa zuwa gaban alƙali. Mutum uku ne 'yan sa-kai daga cikin al'umma, waɗanda aka horar, suke zama da yaron da iyayensa da jami'in walwala su yanke abin da za a yi. Manyan laifuffuka irin kisa ne ke tafiya kotu. Jamus kuma tana da dokar kotun yara tun 1923, mafi yawan ƙararraki ana rufe su da gargaɗi ko aikin gayya ko biyan wanda aka cuta, kuma ɗan shekara 17 ko kisa ya yi ɗaurinsa ba ya wuce shekara 10. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne alƙali yana da ikon ya yi wa ɗan shekara 18 zuwa 20 shari'a da dokar yara, idan ya ga har yanzu ƙuruciya ce ke ɗibarsa. Duk wanda ya yi renon samari ya san ranar cika 18 ba ta zuwa da hankali a hannu.

Amurka ce ta fi tsayin labari, domin ta gwada kowane ɓangare har ƙarshensa. Ita ta buɗe ɗaya daga cikin kotunan yara na farko a duniya, a Shikago a 1899, bisa tunanin cewa alƙali uba ne, ba a buƙatar lauya tsakanin uba da ɗa. Wannan tausayin ya zama tarko. A 1964 a jihar Arizona aka kama Gerald Gault, ɗan shekara 15, bisa zargin ya buga wa maƙwabciyarsu waya ya yi mata batsa. Ba lauya, matar ba ta zo ta ba da shaida ba, alƙali ya tura shi gidan horo har ya kai 21, wato shekara 6. Da babba ne ya yi wannan laifin, iyakarsa tarar dala 50 ko wata 2 a kurkuku. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta ce yaro ma yana da haƙƙin lauya, da sanin abin da ake tuhumarsa, da yi wa shaidu tambaya. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa a bar wa hukuma ta yi yadda ta ga dama tunda gyara ake nufi. Kyakkyawar niyya ba ta hana zalunci idan babu mai tambaya.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 kashe-kashe tsakanin matasa suka ƙaru a biranen Amurka, hodar iblis da bindiga suka cika unguwanni. Wani malamin jami'a, John DiIulio, ya yi hasashe a 1995 cewa wani ayarin yara marasa imani na tafe. Kusan duk jihohi suka sauƙaƙa hanyar tura yaro kotun manya. Ayarin bai zo ba, laifuffukan matasa ma raguwa suka shiga yi, shi kansa mai hasashen daga baya ya janye. Kotun Ƙoli ta riƙa warware abin a hankali: a 2005 ta hana hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi kafin 18, a 2010 ta hana ɗaurin rai da rai marar fita in ba kisa aka yi ba, a 2012 ta ce ko a kisa ba za a tilasta wa alƙali yanke shi ba, sai ya duba ƙuruciyar yaron. Har yanzu akwai jihohin da ke yanke shi, don haka abokanka ba su yi ƙarya ba, sai dai ƙasar da suke so mu kwaikwaya ita kanta baya take ja. A shekarar 2000 yara sama da 100,000 ne ke tsare a Amurka, zuwa 2022 sun koma ƙasa da 30,000. Wani abin kunya kuma ya faru a jihar Pennsylvania, inda aka gano alƙalai biyu sun karɓi sama da dala miliyan 2 daga masu hannu a gidajen tsare yara na 'yan kasuwa, suna ta cika su da yara kan ƙananan laifuffuka. Ɗaya daga cikinsu an ɗaure shi shekara 28.

To, wanne ya fi aiki? An yi bincike, kuma ya karkata gefe guda. Wanda na fi yarda da shi na Shikago ne, na masana biyu, Aizer da Doyle, da aka buga a 2015. Sun bi yara kusan 35,000. A kotun, sa'a ce ke haɗa yaro da alƙali, wani alƙalin mai saurin ɗauri ne wani mai sassauci, don haka ana iya kwatanta yara masu laifi iri ɗaya da suka faɗa hannu daban. Waɗanda aka ɗaure sun fi barin makaranta, kuma sun fi komawa kurkuku bayan sun girma. A Edinburgh an bi yara kusan 4,300 tun daga 1998, aka ga cewa duk yadda yaro ya nutsa cikin hannun hukuma haka daina laifi ke yi masa wuya. Denmak ta sauke shekarun daga 15 zuwa 14 a 2010, ta mayar a 2012, binciken da aka yi daga baya bai nuna tsoron kotu ya hana 'yan 14 laifi ba. Ingila kanta, wadda ke tsare da yara kusan 3,000 a 2008, ta sauko ƙasa da 500, ba a kuma ga ƙasar ta kife ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan samari suna barin rashin ji da kansu idan suka shiga shekarun ashirin, aiki ko aure ko nauyin gida ya hau kansu. Kurkuku yana yanke yaro daga makaranta da wurin koyon sana'a, ya haɗa shi da gwanayen harka, zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa.

Ba ina nufin kowane yaro a shafa masa kai a sallame shi ba. Akwai 'yan kaɗan da dole a killace su saboda rayukan mutane, kuma babu ƙasar da ba ta da wurin ajiye irinsu. Ƙasashe da dama ma ƙara tsanani suke yi idan wani mugun abu ya girgiza su. Indiya ta sauya dokarta a 2015 bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a motar haya a Delhi a 2012, wanda ya yi ajalinta. Ɗaya daga cikin masu laifin ɗan 17 ne, shekara 3 kawai doka ta ba da damar tsare shi. Yanzu ana iya yi wa ɗan 16 ko 17 shari'ar manya a kan manyan laifuffuka. Chaina ta buɗe ƙofar tuhumar ɗan 12 da kisa a 2021, da sharaɗin amincewar babban ofishin masu gabatar da ƙara. Ko Suwidin, da gungun masu safarar ƙwaya suka koma hayar yara su yi musu harbi, maganar sauke shekarun ta taso da ƙarfi. Na fahimci fushin. Abin da nake ja da shi shi ne a rubuta dokar yara dubu saboda laifin yaro ɗaya.

Tsarin da nake ganin ya fi kusa da yadda muke rayuwa shi ne na Niyu Zilan. A 1989, bayan 'yan asalin ƙasar, Mawori, sun koka cewa hukuma na kwashe musu yara ba tare da an tuntuɓi dangi ba, aka kafa dokar taron dangi. Ga yadda yake gudana. Jami'i ya kira zama: yaron, iyayensa da kawunnai da kakanni, wanda aka cuta da nasa mutanen, ɗan sanda mai kula da sha'anin yara, da lauya idan magana ta riga ta je kotu. Ɗan sanda ya karanta abin da ya faru. Idan yaron ya musa, zama ya tashi, sai kotu. Idan bai musa ba, wanda aka cuta ya yi magana a gabansa: ga abin da ka ɗauke min, ga halin da na shiga. Daga nan kowa ya fita a bar dangi su kaɗai su fito da tsari, ban haƙuri, yadda za a biya, aikin da zai yi, ƙarfe nawa zai riƙa shiga gida, wane kawu ne zai tsaya masa. A dawo a daddale da wanda aka cuta da ɗan sanda. In ya cika alkawari, alƙali na iya sallamarsa kamar ba a taɓa tuhumarsa ba. Ba a ce tsarin ya warware komai ba, har yau yaran Mawori sun fi yawa a hannun hukuma. Amma ka lura wanda aka ƙwace wa waya a wannan tsari yana da bakin magana, yana kuma iya samun kuɗinsa, abin da ɗaurin shekara 2 ba ya ba shi.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ana sasanta satar akuya ya san wannan zaman. Fiƙihunmu ma ya riga su. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga yaro har sai ya balaga, kuma a mazhabar Malikiyya idan alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance shi ne sai ya cika 18. Ba a yi wa yaro haddi ko ƙisasi, gangancinsa a kisa hukuncin kuskure yake ɗauka, diyya ta hau kan danginsa, abin da ya ɓarnata na dukiya kuma a biya. Ladabtarwa ce tasa, haƙƙin wanda aka cuta kuma bai faɗi ba.

A takarda dokokinmu ba su da laifi. Nijar ta gaji tsarin Faransa na alƙalin yara, ta kuma sabunta dokar kotunan yara a 2014. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba kotun iyali ce wurinsa, sashe na 209 ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramin laifi ta sulhu da biyan ɓarna ba tare da shari'a ba, sashe na 221 ya hana ɗaure yaro a kurkuku ko yanke masa hukuncin kisa. Sai jiha ta yi tata dokar kafin ta yi aiki a cikinta, Kano ta yi tata a 2023. A aikace kuwa gidajen horon yara masu laifi na tarayya, da ake kira Bostal, waɗanda aka daɗe da su uku ne, Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma tsari ne da muka gada daga Ingila, wadda ita ta soke nata tun 1982. Kowa ya ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamban 2024 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da dama yara ne daga Kano da Kaduna. Kusan wata 3 suna tsare, tuhumar har da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da shugaban ƙasa ya ba da umarni aka sake su. Ba sabuwar doka ake buƙata ba don hana wannan, wadda ake da ita aka tsallake.

Inda ake tsallake ta kuwa kusan kullum wuri ɗaya ne, wato shekaru. Yaro ba shi da takardar haihuwa, a caji ofis a dube shi a rubuta 18 ko 19, daga nan ya zama babba a idon kowa: bayan kanta tare da manya, kotun manya, jiran shari'a a gidan yari. A wannan gaɓar Afirka ta Kudu ce abar koyi, don talaucinta da yawan laifinta sun fi kama da namu. Dokarta ta 2008, wadda ta fara aiki a 2010, ta ce cikin awa 48 da kama yaro a kai shi zaman binciken farko a gaban majistare, bayan jami'in walwala ya gana da shi ya kimanta shekarunsa da halin gidansu. A wannan zaman ake duba ko za a karkatar da maganar daga kotu, da inda zai zauna kafin nan. Da ni za a tambaya me za mu aro daga waje, wannan zaman na awa 48 zan fara ɗaukowa, sannan taron dangi irin na Niyu Zilan a ba shi ƙarfin doka, a bar killacewa ga mai jini a hannu.

Idan kuma an kama ɗan wani a unguwarku, abin da zai fi taimakonsa a ranar farko shi ne a garzaya da shaidar shekarunsa kafin a rubuta bayaninsa: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, in babu, katin rigakafi na asibiti, ko takardar firamare, ko rajistar Islamiyya. Uba ko waliyyi ya nemi a ɗauki bayanin a gabansa, a nemi lauya ko a je ofishin bayar da agajin lauyoyi kyauta, kuma da zarar an shiga kotu a ɗaga maganar shekaru kafin a karanta tuhuma.